Karɓar Kare Daga Hannun 'Yan Sa Kai: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Yawancin wasiƙun wannan mako daga 'yan uwa mazauna Birtaniya suka fito, inda ƙananan ƙungiyoyin 'yan sa kai ke tsamo karnukan da aka yasar, suna nema musu gida. Akwai kuma guda daga Kaduna. Likitan dabbobi da masu aikin riƙon karnuka da wannan fili ke tuntuɓa ne suka haɗu suka ba da amsa.

Tambaya: Na cika takardar neman kare a wata ƙaramar ƙungiya. Sun tambaye ni awa nawa nake yi a wurin aiki, tsawon katangar bayan gida, shekarun yarana, har suna son zuwa duba gidan. Ga kuɗi fam 350 da suka ce in tanada. Yau mako uku shiru. Wai ba ni ce zan taimake su ba? *Hajiya R., Lesta*

Amsa: Hajiya, a yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Manyan ƙungiyoyi irin su Dogs Trust, Battersea, Blue Cross da RSPCA suna da gine-gine da ma'aikata masu albashi. Ƙananan kuwa sau da yawa ko ofis ba su da shi. Karnukansu na warwatse a gidajen riƙo, kuma wadda za ta karanta takardarki ta yiwu sai ta taso daga nata aikin, ta ba yara abinci, sannan ta zauna da takardu barkatai da suka shigo kan kare guda. Shirun mako uku ba abin mamaki ba ne. Ki aika gajeren saƙo na tuni, ki ambaci sunan karen da kike so. Takardar da aka rubuta "kowane kare ma ya yi" ita ake ajiyewa a ƙarshe, domin ba ta nuna mai ita ta yi tunani ba.

Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: takarda, hira ta waya, duban gida, ganawa da karen a gidan riƙo tare da duk mutanen gidanki, sa hannu a yarjejeniya, sai biyan kuɗi. Mai duban gida ba ƙurar kan tebur ta zo gani ba. Katanga za ta fara kallo. Ga kare matsakaici ko babba yawanci ƙafa 6 ake so, kusan mita 1.8, kuma za ta duƙa ta duba ƙasan katangar ko akwai rami ko katakon da ya ruɓe. Za ta lura da kwandon shara, benci ko tarin itace da ke jingine da katanga, tunda tsani ne ga kare. Za ta gwada sakatar ƙofar baya, ta ga ko ƙofar gaba kan titi take buɗewa kai tsaye. In haya kike, ki tanadi takardar amincewar mai gida tun kafin a tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar aiki kuwa, ƙa'idar da akasarinsu ke bi ita ce kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa 4 a jere. In aikinki ya zarce haka, kada ki ɓoye. Ki faɗi wanda zai leƙo shi da rana. Ƙarya a nan ita ce ke sa a dawo da kare bayan wata guda, maƙwabta sun kai ƙara kan haushi, shi kuma ya cinye gefen ƙofa.

Kuɗin ba farashin kare ba ne. Kafin ya iso hannunki an yi masa alluran rigakafi, an ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙuma, an dandaƙe shi ko an cire wa karya mahaifa, an sa masa ƙwayar shaida, wato 'yar ƙaramar na'urar da ake sawa ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarsa. Ki tambayi kuɗin tiyatar karya kaɗai a asibitin dabbobi na unguwarku, za ki ga 350 ɗin bai kai abin da aka kashe ba.

Ribar da za ki ci a wurin ƙaramar ƙungiya ita ce mai riƙo. Ta kwana da karen nan makonni a ɗaki ɗaya. Ki tambaye ta: ina yake kwana, ƙarfe nawa yake cin abinci kuma wane iri, minti nawa ta taɓa barinsa shi kaɗai, me yake yi in an buga ƙofa, ya taɓa ganin yaro mai rarrafe, yana yarda a taɓa kwanonsa yana ci, me ke firgita shi. Ki rubuta amsoshin. In mai riƙo ta ce miki karen bai dace da gidanki ba, ki yarda da ita ko da hotonsa ya shiga ranki.

Tambaya: A Facebook na ga wata ƙungiya tana kawo karnuka daga Romaniya. Sun ce in biya rabin kuɗi yanzu, mota za ta kawo min shi har gida. Yaya zan gane na gaskiya ne? *Malam S., Mancesta*

Amsa: Malam, tsaya tukuna, kada ka tura ko sisi. A Ingila kowa na iya buɗe shafi ya kira kansa mai ceton dabbobi ba tare da lasisi ba. A Sukotlan ne aka wajabta lasisi ga masu wannan aiki tun 2021. Saboda haka binciken a wuyanka yake.

Ka nemi lambar rajistarsu, ka duba ta a kundin hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, wanda ke buɗe ga kowa a intanet. Za ka ga sunayen amintattu da rahoton kuɗi. Ƙungiyar da kuɗin shigarta bai kai fam 5,000 a shekara ba, ba dole ne ta yi rajista ba, don haka rashin lamba kaɗai bai zama laifi ba. Kasancewa cikin ADCH, haɗakar gidajen karnuka da kyanwoyi, alama ce mai kyau tunda suna da ƙa'idojin da suke bin diddigi. Sai tambayar da ta fi kowace: in abu bai yiwu ba bayan wata shida, wa zai karɓi karen, kuma ina za a kai shi a cikin ƙasar nan? Ƙungiyar kirki tana rubuta wannan a yarjejeniya, har ma tana hana ka sayar da shi ko ba wani. Wadda ba ta da gidajen riƙo a Birtaniya, ta sauke maka kare a bakin ƙofa ko a wurin shan mai, ranar da matsala ta taso wayarta a kashe za ka samu. Wanda bai tambaye ka komai ba sai kuɗi, ɗan kasuwa ne.

Ga lissafin da zai taimake ka. Ba a yi wa ɗan kwikwiyo allurar ciwon hauka sai ya kai mako 12, kuma sai an jira kwana 21 kafin ya ƙetare iyaka. Ke nan duk kwikwiyon da aka ce an shigo da shi bai kai mako 15 ba, takardunsa na da matsala. Akwai kuma maganin tsutsa da likita ke bayarwa tsakanin kwana 1 zuwa 5 kafin shigowa, a rubuce cikin fasfonsa.

Ka nemi sakamakon gwajin jini a rubuce, da sunan ɗakin gwajin da lambar ƙwayar shaidar karen a kai, na waɗannan cututtuka: burusela, lishmaniya, tsutsar zuciya, da cututtukan da kaska ke yaɗawa. Burusela ce abar tsoro, domin tana kama mutum, ta fi haɗari ga mai ciki da ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki, kuma ba a cika iya raba kare da ita ba. Likitoci na son a sake gwajinta wata 3 bayan isowa. Tsutsar zuciya tana ɗaukar kamar wata 6 kafin ta bayyana a gwaji, lishmaniya kuwa tana iya kwanciya shekaru. Gwaji ɗaya mai kyau bai rufe magana ba. Ka kira asibitin dabbobin da za ka riƙa zuwa tun yanzu, wasu ba sa taɓa karen waje sai sun ga sakamakon burusela.

Shawararmu ga wanda bai taɓa riƙon kare ba: ka zaɓi wanda ya riga ya iso, ya yi makonni a gidan riƙo, ka je ka gan shi sau biyu. Gani ya kori ji. Karen da ya girma a titi bai san bene ba, bai san talabijin ba, bai san igiya a wuya ba, kuma bidiyon minti ɗaya ba zai nuna maka wannan ba.

Tambaya: Ni don gadi nake so, a bayan gida zai zauna, ba zai shigo ɗaki ba saboda sallah. Ƙungiyoyi biyu sun ƙi ni da jin haka. Ina mafita? *Alhaji M., Landan*

Amsa: Ranka ya daɗe, na uku ma haka za ta ce. Kusan dukansu sharaɗinsu ne kare ya kwana cikin gida, ba a ɗaure shi, ba a bar shi waje cikin sanyin hunturu. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin muhalli, abinci, lafiya da samun abokan zama gwargwadon halittarta. Kuma kada ka ce musu "to, zai shigo" alhali ba haka ne a ranka ba. Suna dawowa ziyara, yarjejeniya kuma ta ba su damar ɗauke shi.

Hukuncin addini na malamai ne. Abin da aka sani dai, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai bin umarni ne. Shafi'iyya kuwa suna ganinsa najasa. Halaccin ajiye shi cikin gida kuma wata mas'ala ce daban, ka kai ta ga malaminka. Wasu gidaje suna raba wuri: ƙaramar ƙofar shinge irin ta yara a bakin kicin ko baranda mai rufi, kare na da nasa ɓangaren mai ɗumi da shimfiɗa, ɗakin sallah da bene kuma bai taɓa taka su ba. Kare na koyon iyaka cikin 'yan kwanaki in kowa a gidan ya riƙe ta. Wasu ƙungiyoyi na amincewa da wannan in an bayyana musu a fili. In kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, kyamara da ƙararrawa sun fi sauƙi, kuma ba sa cizo: a dokar Ingila kana iya fuskantar shari'a in karenka ya ciji ɗan aike ko mai kawo wasiƙa, ko da a cikin farfajiyarka ne.

Tambaya: Kwana huɗu ke nan da muka ɗauko ta. Tana ƙarƙashin tebur, ba ta ci sai dare, ta yi fitsari a falo sau uku, yau kuma zawo. Maigidana ya ce mu mayar. *Maman Yasmin, Gilasgo*

Amsa: Maman Yasmin, ki ce wa maigida ya ba ta lokaci. Duk abin da kika lissafa shi aka saba gani. Masu riƙo suna da wani ƙiyasi: kwana 3 na firgici, mako 3 na koyon tsarin gida, wata 3 kafin ta saki jiki. Ba doka ba ce, mai tsoro tana iya ninka haka.

Ki ƙyale ta a ƙarƙashin teburin, ki sa mata shimfiɗa da ruwa a nan. Ba jawowa, ba runguma, ba zura ido, ba baƙi masu zuwa ganin kare har mako guda. Ki zauna gefe kina harkarki, ki riƙa jefa mata ɗan abinci ba tare da kin kalle ta ba. Ita za ta zo.

Fitsari: ki ɗauke ta kamar 'yar kwikwiyo. A fita da ita bayan gida duk awa 2, da zarar ta farka, da bayan cin abinci, wuri guda kullum. Tana gamawa a ba ta lada nan take, ba sai an koma ɗaki ba. Inda ta ɓata a wanke da ruwan wanki na musamman mai cinye warin fitsari, ana sayar da shi a shagunan kayan dabbobi. Mai ɗauke da amoniya yana mata wari kamar fitsari, sai ta koma wurin. Tsawa ba ta koya mata komai sai ɓuya a bayan kujera.

Zawon kuwa, ko tashin hankali ne ko an sauya mata abinci farat ɗaya. Ki koma kan wanda take ci a gidan riƙo. In za ki sauya, a yi cikin kwana 7 zuwa 10: kashi ɗaya cikin huɗu na sabo, sai rabi da rabi, sai kashi uku, sannan duka. Amma in kin ga jini, ko amai ya haɗu da zawo, ko ta daina shan ruwa, ko ya wuce kwana 2, sai likita.

Abin da ba ki tambaya ba, shi ya fi damunmu: gudu. A makonnin farko ne karnukan nan suka fi ɓata, ta ƙofar da yaro ya buɗe, ko ta zame abin wuya in mota ta yi ƙara. Ki sa mata ɗamarar ƙirji mai maɗauri uku, na ukun a bayan haƙarƙari don kada ta fice ta baya, da abin wuya daban, igiya biyu, kowace a nata wuri. Igiyar nan mai naɗe kanta a cikin roba kada ki yi amfani da ita; in ta suɓuce tana bin kare da ƙara, shi kuma ya ƙara wuta. Ko a bayan gida a bar mata doguwar igiya ta mita 5 zuwa 10 a kwanakin farko. Ba sakinta a fili sai kin tabbata tana amsa kira, wannan kuwa aikin watanni ne. Abin wuyan ya kasance da sunanki da adireshinki, haka doka ta ce. Ƙwayar shaida, wadda girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba kuma take ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, wajibi ce tun 2016, amma ba ta da amfani in lambar wayar da ke cikin rajista ta tsohon mai ita ce. Ki tabbatar an sauya yau. In ta kuɓuce, kada a bi ta da gudu ko a tara jama'a ana kira. Ki bar ƙofa a buɗe da shimfiɗarta, ki kira ƙungiyar da jami'in karnuka na ƙaramar hukuma.

Ki yi mata inshora kafin wani ciwo ya shiga takardarta, domin ba sa biyan abin da ya riga ya bayyana.

Tambaya: Ya yi wa ɗana mai shekara 5 gurnani da ya matso kusa da kwanonsa. Na daka masa tsawa ya yi shiru. Na yi daidai? *Baban Khalil, Lids*

Amsa: A'a. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi wata rana sai ya ciji ba sanarwa. Daga yau yana ci a bayan ƙofa a rufe, ba mai zuwa kusa sai ya gama an ɗauke kwanon. Yaro ba ya taɓa kare mai ci, mai barci, ko mai tauna wani abu, kuma ba a barinsu su biyu ko na minti ɗaya. Ka koyi alamun da ke zuwa kafin gurnani: lasar leɓe, hamma ba barci, kau da kai, farin ido ya fito, jiki ya sandare. Ka sanar da ƙungiyar yau, su haɗa ka da masanin halayyar dabbobi, likita kuma ya duba ko ciwon haƙori ko na gaɓa ne ke sa shi faɗa. In ya kai ga kai hari ko cizo, mayar da shi ga ƙungiyar ba abin kunya ba ne. Don haka aka rubuta sharaɗin.

Tambaya: Zan iya ba shi ragowar tuwo da miya? *Wata mai karatu, Landan*

Amsa: Miyarmu ba ta rabuwa da albasa, sau da yawa har da tafarnuwa, kuma dukansu suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe. Inabi da zabibi suna kashe ƙoda. Cakulan da goro suna da sinadaran da ke hargitsa masa zuciya, a ɗauke su daga tebur. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Cingam marar sukari ma guba ne. Farar shinkafa da dafaffen nama ba gishiri ba yaji babu laifi jefi-jefi. Maganin ciwon jiki na mutane kuwa ko ƙwaya ɗaya kada a ba shi.

Tambaya: Wasu matasa a unguwarmu suna tsintar 'yan kwikwiyo da karnukan da aka yasar suna raba wa masu so. Ina son ɗaya don gidan gona. Me zan fara yi? *Malam I., Kaduna*

Amsa: Malam, a nan gida tambayar farko ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma in alamu suka bayyana babu magani. Ka tambayi matasan a ina suka same shi, tun yaushe yake hannunsu, ko yana da tabon cizo. Daga hannunsu sai asibitin dabbobi, ba gida ba. Ana yin allurar daga wata 3, a maimaita duk shekara, kuma ka karɓi katin shaida. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana yin wannan allura, amma ka tabbata daga firji aka ciro ta. Wadda ta sha zafi ruwa ce kawai. Allura ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, kuma cutar na iya kwanciya makonni ko watanni. Don haka a killace shi nesa da yara da dabbobi gwargwadon yadda likita ya ce, a lura da sauyin hali, dalalar yawu, kasa haɗiya, sauyin murya ko shanyewar ƙafafun baya. Ba kowane mai ciwon ne ke hauka ba, wani lafewa yake yi.

In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, sannan asibiti a ranar don fara allurai. Ba a jira a ga abin da zai faru da karen kafin a fara. Toka, barkono ko gashin karen a kan ciwo ba sa komai. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana kallo, kada a kashe a jefar.

Ga kwikwiyo, zawon jini na fabo ne ke kashe su: allura daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Maganin tsutsa duk mako 2 har mako 12, sai duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3. Kaska a cire ta da ɗan hantsaki daga gindinta, a duba cikin kunne da tsakanin yatsu; in dasashinsa ya yi fari ko fitsari ya yi duhu, zazzabin kaska ne, a kai shi da gaggawa. Kada a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona, kuma kada a shafa masa baƙin mai don ƙazuwa; yana lashewa, su kashe shi. A gona ya samu inuwa da ruwa kullum, kamar lita ɗaya a rana ga mai kilo 15 zuwa 20, fiye da haka a bazara. In karya ce, ka yi magana da likita kan cire mahaifa kafin ta fara neman maza, wanda yawanci ke zuwa daga wata 6 zuwa sama, in ba haka ba cikin wata biyu da barbara za ka samu kwikwiyo shida a bayan rumbu.